Lanƙwasasshiyar Ƙusa

Shafi na 23

Yaya Direba ya kawo mai injin yankan katako ƙofar shagon marigayi mahaifinsu da hantsi.

Kafinta yana ciki. Ya ji tsayuwar babur, ya ji an dire ƙarfe a ƙasa, bai ɗago ba. Ƙafar kujera yake gogewa. Ya ci gaba da abinsa har ta yi sumul, ya hure ƙurar, sannan ya waiwaya.

Yayan nasa ya cika ƙofa da jikinsa. Ƙato ne, babbar mota yake ja, ko magana yake yi sai ka ce hon ya danna. A bayansa wani siririn mutum ne riƙe da inji, yana leƙen teburin aikin marigayi kamar mahauci ya ga sa.

Teburin kuwa ya isa a leƙa shi. Daga wannan bango ya miƙe har ya kusa taɓa wancan. Jan katako ne mai kauri, ƙafafunsa a binne cikin siminti. A cikin shagon marigayi ya haɗa shi, tun kafin a kafa ƙofa, kuma babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, sai tsaga da ta hau tsaga. Ba ya kwancewa. Ba ya fita ta ƙofa, ba ya fita ta taga. Duk mai son ɗakin nan babu tebur, sai dai ya yanka.

Yaya ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri. An raba gado, an shafa addu'a, kowa ya san nasa. Shago da abin da ke kafe a cikinsa shi ya faɗo wa. Auta ya samu ɗakunan baya. Kafinta ya samu filin bayan gari, aka haɗa masa da akwatin kayan aiki tunda shi ne mai sana'ar. Yanzu ga mai sayar da magani yana jiran ɗaki, har fenti ya saya. Ba a jera kwalaben magani a kan teburin kafinta.

"Ka kwashe kayanka," in ji shi. "Yau za a yanka."

Kafinta ya ajiye ƙafar kujerar. Ya dubi mai injin, ya tambaye shi ko ya karya kumallo. Mutumin ya ce ya karya. Kafinta ya ce to madalla, ya koma gida da ƙarfinsa, don yau babu aiki a nan.

"Ni na ɗauko shi," in ji Yaya.

"Kai za ka mayar da shi."

Mai injin ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce shi bari ya ɗan sha inuwa, in sun gama shawara su kira shi. Ya ja injinsa ya koma gindin bango.

Nan Auta ya iso. Shagon gyaran waya yake da shi a tsallaken titi, daga can ya hango. Ya shigo yana dariya, yana cewa in dambe za a yi a jira shi ya saita waya, mabiyansa na intanet sun daɗe ba su ga abin kirki ba. Babu wanda ya tanka masa. Ya haɗiye dariyar, ya jingina da bango.

Kafinta ya share hannunsa da tsumma. Ba ya cikin masu ɗaga murya. Ya ce shi bai taɓa musun rabon tufafi ba, bai yi musun agogo ba, bai yi musun rediyo ba. Ko tabarau na Baba da Auta ya ɗauka, alhali idonsa garau, bai ce uffan ba. Amma ƙuri'ar shago ba ta yi ba. An sa mata hannu.

Ga yadda aka yi ƙuri'ar. Shagon yana kallon titi, don haka su ukun kowa shi yake so. Baffa, ƙanin marigayi, shi ya zauna rabon, kuma mutum ne da ba ya son dogon zance. Ya sa aka kai Inna ɗakinta. Ya zura hannu a gwangwanin ƙusoshin marigayi ya zaro guda uku: sabuwa fil, mai tsatsa, da wata lanƙwasasshiya. Kowa ya zaɓi tasa a gaban Baffa, aka mayar da su cikin kwano. A kan tabarma aka ajiye makullin shago, da makullin ɗakunan baya, da ɗan dutse a madadin fili. Sannan aka kira Inna. Ita ta haife su duka, ba ta ga wanda ya ɗauki wacce ba. Ta ɗora kowace ƙusa inda hannunta ya kai ta, shi ke nan.

Kafinta da saninsa ya ɗauki lanƙwasasshiyar. Aikinsa na farko a duniya shi ne miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi a ƙarshen teburin nan, tun kansa bai kai samansa ba. Aljihunsa kullum cike da su. Babu wandonsa da Inna ba ta ɗinke wa aljihu ba tana faɗa. Ko a mafarki aka nuna mata lanƙwasasshiyar ƙusa, ta san ta wace ce. Shi bai ɗauki wannan a matsayin maguɗi ba. A ganinsa hanya ya nuna wa haƙƙi don ya gane gidansu.

Inna ta zo, ta dubi kwanon. Lanƙwasasshiyar ta fara ɗauka. Ta ɗora ta a kan dutse.

Tun ranar bai yi mata maganar ba, don tana cikin zafin rashi. Amma bai daina buɗe shago ba. Kullum da safe yana nan, kamar ba a raba komai ba. Kuma a ransa ya gama yanke hukunci: wani ne ya riga shi zuwa kunnenta.

"Kai ka shiga ka ruɗe ta," ya ce wa Yaya. "Ka ce mata taka ce."

Yaya ya zuba masa ido. Ya ce ranar ko ƙofar ɗakinta bai taka ba, Baffa shaida ne, Auta ma shaida ne, don kusa da shi ya zauna yana ta danne-dannen waya. Auta ya gyaɗa kai.

"To ta yaya za ta kasa gane ta?"

"Au," in ji Yaya. "Ashe don ta gane ka ɗauka."

"Don ta gane na ɗauka."

"Ka ji, Auta? Mai kukan an sa wa ƙuri'a hannu. Ashe hannunsa ne har gwiwa."

Auta ya so ya yi dariya, ya ga fuskar Kafinta, ya fasa.

Kafinta ko gezau. Ya ce eh, ya yi, kuma in aka sake zai ƙara. Wa ya tsaya a shagon nan lokacin da Baba ya daina iya ɗaga guduma? Wa ya san inda teburin yake da rami, da inda yake da tudu? Shi Yaya in aka ba shi zarto, ta wajen haƙora zai riƙe. Auta kuwa ko ƙusa ya gani a hanya tsallakewa yake yi kada ta ɓata masa takalmi. An ɗauki shagon kafinta an ba direba, an ɗauki kafinta an jefa shi a fili inda ko akuya ba ta wucewa. Wa zai bi shi can da karyayyar kujera? Yana da mata, yana da yara. Ƙofar nan mutane suka sani.

Yaya bai katse shi ba. Wannan ya ba Kafinta mamaki, don a gidan nan ba a taɓa kai ƙarshen magana Yaya yana wurin ba. Sai da ya gama, Yaya ya cire hularsa ya share goshi.

"Babu wanda ya ruɗe ta," ya ce.

"Ƙarya ne."

"Ni kake ce wa ƙarya?"

"Kai nake ce wa."

Auta ya matso tsakaninsu yana cewa haba Yaya, haba Yaya, bai ma san wanne yake nufi ba. Yaya ya ture shi gefe da hannu ɗaya. Bai kai duka ba. Ya mayar da hularsa, ya matsa daga ƙofa ya bar hanya.

"Tana ciki," ya ce. "Je ka tambaye ta. Na gaji da ɗaukar kayan da ba nawa ba."

Kafinta ya fita. Ya zagaya ta ƙofar gida, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya bakin ɗakin Inna ya yi sallama. Ɗakin nata bango ɗaya ne ya raba shi da shago.

Tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, tana ɗinke bakin wani tsohon mayafi. Ƙaramar mace ce, amma gidan nan kaf babu wanda ya taɓa ganin ta maimaita umarni. Ta amsa, ba ta ɗago ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi matarsa, ta tambayi yara, ta tambayi mai tarin nan ko ya samu sauƙi. Ya ce da sauƙi. Ta ce ta ji hayaniya.

Ya zayyana mata komai, a natse. Ya ce ya san ba laifinta ba ne. Ranar idonta a kumbure yake, kanta ba ya tare da ita, kowa ma zai iya kuskure. Ko kuma wani ya faɗa mata abin da ba shi ba. Abin da yake roƙo kaɗan ne: ta aika a kira Baffa, ta ce masa ƙuri'ar ba ta kwanta mata ba, a sake. Daga bakinta in ta fito, babu mai ja.

Inna ta ciji zaren ta tsinke shi.

"Na san taka ce," ta ce.

Ya ɗago ya dube ta. Ya zaci bai ji daidai ba.

"Lanƙwasasshiyar. Tun daga bakin ƙofa na gane ta. Ni da na gaji da ɗinkin aljihunka?"

"To Inna, kin gane ta, kika ɗora ta a dutse?"

"Na ɗora."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Kafinta ya gyara durƙusonsa. Mutum ne da in ya auna abu sau ɗaya ba ya sakewa, yau ga shi an ce masa ma'auninsa ne a karkace. Ya tambaye ta laifin da ya yi mata. Ya ce in wani abu ne ya faɗa, ko matarsa, ta gaya masa yanzu ya gyara.

Ta ce bai yi mata komai ba. Cikin su ukun ma shi ne bai taɓa sa ta kwana da ɓacin rai ba. Sannan ta ajiye allurar, ta nuna bangon da haɓarta.

Ta ce ya san yadda yake buɗe shago? Bai sani ba, don shi a ciki yake. Ita ce a wannan gefen. Zai turo ƙofa da ƙafa, don ƙasanta yana kamawa. Zai yi gyaran murya. Zai ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa teburin kafin ya taɓa komai, a hankali, a hankali, sannan da ƙarfi, kamar mai tashin abokinsa daga barci. Haka ubansa yake yi tun tana amarya. Jan ƙafar ma iri ɗaya. In katako ya ƙi shi, tsakin da zai ja ma na ubansa ne.

"Ban san ina yi ba," in ji Kafinta.

"Na san ba ka sani ba."

Ta ce da safe in ta ji ƙwanƙwasar nan, jikinta tashi yake yi kafin hankalinta ya tashi. Sai ta ga ta dafa shayi ta zuba kofi biyu. Sai ta ga ta ɗauko maganinsa na hawan jini ta nufi ƙofa. Akwai ranar da ta buga bangon nan ta ce, Malam ka sha maganin kuwa? Aka amsa mata daga can, aka ce na'am Inna.

Kafinta ya tuna ranar. Ya amsa, da bai ji ta ƙara ba sai ya ɗauka da wata take magana a tsakar gida.

"Kullum da safe kana dawo mini da shi," ta ce. "Kullum da yamma ka ja ƙofa ka sake kashe mini shi. Mutum sau ɗaya yake mutuwa. Ni nawa kullum ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki allurar ta sake neman ramin zare.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan kan nasa na kafinta ya fara aiki, don shi duk abin da ya karye yana da gyara. Ya ce zai daina ƙwanƙwasar. Zai kankare ƙasan ƙofar ta daina kamawa. Zai yi wa bangon rufi da katako da soso, ko ganga aka buga a can ba za ta ji ba. In ta so ma sai rana ta ɗaga zai riƙa buɗewa.

Ta ce ba shi kaɗai ba ne. Teburin ma muryarsa daban. Ko wa ya ɗora katako a kansa ya buga, ta ƙasa sautin yake biyowa, har ƙafarta take ji. Shekara da shekaru tana jin sa, soso ba zai ɓoye mata shi ba.

Ya ce to ta koma ɗakunan baya. Auta ba zai ƙi ba. Shi da kansa zai yi mata sabuwar ƙofa da taga, ya yi mata kabad.

Nan ta ɗago ta dube shi, karo na farko.

"Ni za a kwashe daga ɗakina saboda katako?"

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

"A nan aka kawo ni. A nan na haife ka. A nan ubanka ya cika, kansa a cinyata. Tebur ya zauna, ni in tashi?"

Ya sunkuyar da kai. Amma bai janye ba. Ya ce ta yi masa adalci, ta duba ta ga. Teburin nan shi ya ciyar da su duka. A kansa aka yi kuɗin makarantar Auta, a kansa aka yi kuɗin koyon motar Yaya. Abin da Baba ya bari wanda har yanzu yake numfashi, shi kaɗai ne. Sauran duk tufafi ne da tabarau. Kuma me ya hana ta kira shi ta gaya masa tun farko? Ta bar shi yana kallon yayansa a matsayin ɓarawo. Ko gaisuwar kirki ya daina yi masa.

Ta ce wannan kam gaskiyarsa ne. Ta so ta gaya masa, bakinta ya ƙi. Ta yaya uwa za ta dubi ɗanta ta ce masa kamarka da ubanka ce take cina? Yayan nasa ta kira bayan rabon ta gaya wa, ta ce ya riƙe. Ya riƙe. Masu walda sun nemi ɗakin, ya hana. Mai injin niƙa ya nema, ya hana. Ya yi ta yawo sai da ya samo mai magani, don sana'ar ba ta da ƙara. Kuma da ta tata ce, da tuni an yanka teburin. Shi ne yake ta ja mata rai, yana cewa a ƙara wa yaron nan lokaci.

Kafinta ya tuna yadda ya ƙaryata yayansa ɗazu. Wannan ta shige shi fiye da ta farko.

Daga waje sai ga ƙarar inji. Mai injin ne ya gaji da inuwa, ya ja igiya yana gwada abinsa. Ƙarar ta cika gidan. Inna ta runtse ido.

"Mene ne wannan?"

Ya gaya mata.

Ta dafa bango ta miƙe. Ta yafa mayafin da take ɗinki, allurar na rataye a bakinsa, ta zura takalmi. Kafinta ya bi bayanta yana cewa ta zauna, shi zai je. Ba ta saurare shi ba. Tun rasuwar ba ta taka ƙofar shagon ba. Yau ta fita ta ƙofar gida, ta zagayo ta titi, ta tsaya a kai.

Auta ne ya fara ganinta. Ya ɗaga wa mai injin hannu, injin ya mutu. Yaya ya miƙe daga kan bencin da yake zaune. 'Yan kallon da suka fara taruwa kowa ya tuna yana da abin yi.

Inna ta dubi injin, ta dubi mai shi. Ta ce masa sannu da zuwa, Allah ya yi albarka, amma ya ɗauki abinsa ya tafi, Yaya zai sallame shi. Mijinta da hannu ya haɗa teburin nan. Ba za a sa masa abin da ake sare itacen girki da shi ba.

Mutumin bai jira a maimaita ba. Ya ɗaure injinsa a babur ya wuce.

Kafinta ya saki numfashi. Auta ma ya washe baki, ya fara cewa ai shi dama ya san Inna ba za ta bari ba. Yaya kaɗai ne bai saki fuska ba. Ya fi su sanin ta.

Ta shiga shagon. Ta tsaya gaban teburin, ba ta taɓa shi ba. Ta bi shi da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, duk tabon zarto da ɗigon gam da ƙunar sigarin abokan marigayi. Sannan ta juya wajen akwatin kayan aiki, wanda yake a buɗe a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauko babban zarton. Ya yi mata nauyi, ta riƙe shi da hannu biyu.

Ta ce ita ba ta ce a ƙone shi ba, ba ta ce a zubar ba. A raba shi yadda zai fita. Mai sana'a ya san inda zai bi da zarto katako bai lalace ba. In ya fita, Yaya ya ɗora shi a mota ya kai masa filin, ya haɗa abinsa a can, ya yi ta ƙwanƙwasa har ya gaji. Yaya ya ce shi ya yafe teburin, dama ba shi da abin yi da shi, kuma zai kai har da bulo da kwano in ana so.

Kafinta ya ce ba ya haɗuwa. Abin da aka haɗa da tsaga, in aka yanka ya tashi daga tebur, ya koma katako. Ko ya ɗaure shi da ƙarfe, ko ya cika shi da ƙusa, rawa zai riƙa yi. Baba ma da ya dawo ba zai iya mayar da shi ba.

"To ya koma katakon," in ji Inna.

"Inna."

"Na ji duk abin da ka ce. Kai ma ka ji nawa."

Ta miƙo masa zarton.

A gidan nan ba a taɓa barin hannun Inna a miƙe ba. Auta ya dubi Yaya. Yaya ya kawar da kai yana kallon titi, a hankali ya ce, karɓi mana, kada hannunta ya gaji.

Kafinta ya dubi zarton. Shi ya wasa haƙoransa da kansa, ya san ba zai ɓata lokaci ba. Ya san ma daidai inda ya kamata a fara. Ya dubi hannayen Inna, nauyin ya fara rinjayar su. Ya matsa, ya tallafi zarton ta ƙasa, ya zare shi daga hannunta a hankali. Ya mayar da shi cikin akwati, ya rufe, ya danna marfin.

Sannan ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Ki yafe mini, Inna. Ba zan yanka ba."